Coverage ba rufi ba ne, ni dai na ce karaɗewa

1/ Jama'a, salamu alaikum. Daren jiya ina rubuta wa ƙanena yadda zai sa Covered a kwamfutarsa mai Ubuntu, wato wani nau'in tsarin Linux, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Covered manhaja ce ta masu zana da'irar lantarki da harshen Verilog, aikinta auna gwajin da aka yi wa zanen. Abin da take aunawa shi Bature ke kira coverage. Mu kuma me za mu ce?

2/ Yaron ya ce "rufi", wai cover ai rufewa ce. Na ce a'a, malam. Rufi ɓoyewa yake yi, wannan kuwa tonon asiri take yi.

3/ Ku duba yadda aikin yake. Ka rubuta da'ira, ka rubuta mata gwaji, ka tuƙa su da Icarus Verilog, manhajar da ke kwaikwayon aikin da'irar, ya fitar maka da fayil ɗin VCD mai tarihin duk motsin da kowace waya ta yi. Sai umarnin covered score ya gwama tarihin da zanen ya ajiye a fayil ɗin CDD, covered report kuma ya faɗa maka inda gwajinka ya shiga da inda bai ko leƙa ba.

Na gani da idona a wani ɗan maƙirgi mai wayoyi 4, wanda ya kamata ya ƙirga daga 0 zuwa 15. Rahoto ya ce babu layin Verilog ɗin da bai yi aiki ba, har na fara murna. Da na gangara ƙasa sai ga waya ta huɗu, wadda ba ta tashi sai an ƙirga zuwa 8, tana nan a 0, ba ta taɓa tashi zuwa 1 ba. Ashe gwajin nawa a 7 yake tsayawa. Rabin gidan ban shiga ba, ina ta cewa na zaga.

4/ Na fara da "taku". Ta yi wa layuka daidai, an taka ko ba a taka ba. Amma waya ba taka ta ake yi ba, juyawa take. "Mamaya" kuma ƙamshin yaƙi gare ta. "Gamewa" ta kusa, sai dai mai karatu zai iya ɗauka haɗa abu biyu ake nufi.

5/ Sai na tuna yadda muke cewa labari ya karaɗe gari, ko mai talla ta karaɗe unguwa. Lungu da saƙo ke nan, ba a bar ko'ina ba. To shi ne. Karaɗewa. Kuma tana lanƙwasuwa a baki: karaɗewar layi, karaɗewar waya, ma'aunin karaɗewa. Gwajina ya karaɗe layuka, bai karaɗe wayoyi ba. Wanda bai san Verilog ba ma ya gane an yi aika-aika.

6/ Kalmomin sawa da cirewa ba su wahalar da ni ba. sudo apt install covered, girkawa ce, mun saba. Abin da apt, wato manhajar da ke sawa da cire manhajoji a Ubuntu, ke janyowa tare da ita, irin su Tcl da Tk da aka gina tagarta da su, 'yan rakiya na kira su.

A cirewa ne akwai ɗan zance, domin iri uku ce. apt remove cirewa ce kawai: idan manhaja tana da fayilolin saiti a foldar /etc, suna nan, shi ya sa umarnin dpkg -l, mai jera manhajojin da ke kwamfuta, ke nuna "rc" a gaban sunan irinta, wato an cire ta amma saitinta na nan. apt purge tumɓukewa ce, har saiwa, ko da yake ba ya taɓa abin da ke cikin foldarka ta gida, CDD ɗinka na nan inda ka bar shi. apt autoremove kuwa sallamar 'yan rakiya ce, tunda amarya ta tafi. Sai dai ka karanta sunayen kafin ka amsa masa, wani lokaci yakan haɗa da wanda kake so.

7/ Shi kansa apt ne ban sama wa suna ba. Na rubuta "dillali" na goge, don dillali da la'ada yake tafiya, wannan kuwa kyauta yake yi. Yanzu "ma'ajin manhaja" ke kan takardar, bai kwanta mini ba sosai. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke karanta abin da Faransanci, me kuke ce masa a baka?