Sharuɗɗan tanda a ontoloji: aji ɗaya ko uku?

dan_zazzau: Salam ƴan uwa. Ina tsara bayanan kwangilolin gwamnati ne, na ɗauki ePO, ontolojin nan na Tarayyar Turai, wato tsarin da ke kasa bayanan kwangila aji-aji tare da nuna alaƙarsu, to sai na maƙale a wajen sharuɗɗan tanda, wato gasar da kamfanoni ke shiga don neman kwangila. Wai me zai hana in zuba su duka a aji ɗaya in huta, tunda dai sharaɗi sharaɗi ne?

hajiya_data: Wa alaikumus salam ɗan uwa, kar ka soma. Dokar Tarayyar Turai ta bada kwangila, mai lamba 2014/24, ita ta raba su uku, sashe na 57 dalilan fitar da kamfani gaba ɗaya kamar cin hanci ko ƙin biyan haraji, 58 cancanta wato kuɗi da ƙwarewa, 67 kuma yadda ake zaɓen wanda ya ci. Biyun farko kamfanin ake aunawa, na ukun kuwa tayin da ya kawo ake ba maki, farashi da inganci, kuma yawanci shi ke ɗauke da nauyi, misali farashi 60 inganci 40. Shi yasa a ePO akwai azuzuwan ExclusionGround da SelectionCriterion da AwardCriterion, duka uwarsu ɗaya, Criterion na CCCEV, wato tsarin kalmomin Tarayyar Turai na sharuɗɗa da shaidu.

injiniya_bk: Gaskiya Hajiya ta gama magana. Ni dai ƙarina, ka lura da inda zaka rataya su. Tanda ɗaya sai kaga an raba ta lot-lot, wato kashi-kashi, na gini daban na kujeru daban, kowanne da makinsa, in ka ɗaura sharaɗin a kan tandar gaba ɗaya to gobe in an tambaye ka da me aka zaɓi mai kujeru baka da amsa, sai kame-kame.

malam_sb: Abinda kullum ke ban haushi shine cakuɗa sharaɗi da shaida. A tallan tanda na nan Najeriya za kaga an jero takardar CAC, ta haraji, ta PenCom hukumar fansho, ta ITF asusun horas da ma'aikata, to waɗannan shaida ne, sharaɗin shine kana biyan haraji, takardar tabbatarwa kawai take. CCCEV ya ware Evidence daban saboda kowace ƙasa da irin takardarta. In ma OCDS kake amfani dashi, wato tsarin wallafa bayanan kwangila a fili, kamar yadda NOCOPO shafin kwangilolin gwamnatin Najeriya ke yi, akwai ƙarin da aka yi masa na sharuɗɗa, shima daga CCCEV aka gina shi.

dan_zazzau: Na gode sosai, Allah ya saka. To Hajiya, in ingancin nan mai 40 ya rabu gida biyu fa, ƙwarewar ma'aikata da lokacin kawo kaya, nauyin ƴaƴan daga cikin 40 ɗin zan rubuta ko daga 100?