Ramin haƙa ya rufta mana a Lafiya: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai haƙar burtsatse, Bukuru: Salamu alaikum. Mu a Jos mun saba da dutsen Filato, in ka huda shi ramin na nan tsaye kyam. Aiki ya kai mu wajen Lafiya, mun wuce mita 150 sai bangon rami ya fara zubowa, bututu ya maƙale. Kwana biyu muna fama. Matsin ƙasa ne ko me?

Tsohon injiniyan rijiyar mai, Rayfield: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a wannan zurfin na fi zargin sakakken yashi da laka mai kumbura in ta sha ruwa. Lafiya cikin kwarin Binuwai take, duwatsunta a shimfiɗe suke hawa-hawa. Matsi na gaske sai an nitsa: nauyin dutsen da ke sama yana ƙara kusan megafaskal (ma'aunin ƙarfin matsi) 23 a kowace kilomita, na ruwan cikin dutse kuwa kusan 10.

A Neja Delta na ga abin da idona. Muka saukar da ma'auni mai hannu huɗu da ke auna faɗin rami, sai ga rami ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai. Gefen da ya ɓare shi ne ɓangaren da matsin kwance ya fi rauni, mafi ƙarfin kuma yana gicciye da shi. Ramin da kansa ke gaya maka inda ƙasa ke turowa.

Ɗalibar ilimin duwatsu, Jami'ar Jos: Baba Injiniya, girman matsin fa, yaya kuke gane shi?

Tsohon injiniya: 'Yata, bayan an zuba siminti a bayan bututu sai a ɗan ƙara haƙa, a rufe rijiya, a riƙa tura taɓon haƙa (ruwa mai kauri da ake zubawa cikin rami) a hankali. Ido na kan layin awon matsi yana hawa, da ya fara lanƙwasa, dutse ya soma tsagewa ke nan. Amma kada ki ɗauki awo ɗaya ki yi wa duk rijiya kuɗin goro. Sau da yawa dutsen laka ya fi dutsen yashin da ke maƙwabtaka da shi matsi.

Mai haɗa taɓo, Gwarimpa: Wannan kam na ɗanɗana. Muka nauyaya taɓo don laka kada ta rufta, muna shiga dutsen yashi sai ya tsage ya shanye mana shi. Ina tsaye ina kallon tanki yana sauka, gabana na faɗuwa.

Mai haƙar burtsatse: Allah ya saka da alheri. Gobe zan koma Lafiya da ƙarin bututun bango, taɓon ma zan kaurara shi.