Yaya zan fitar da surukata idan ruwa ya sake zuwa cikin dare?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema.

A Maiduguri muke, kuma tun ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ba na barcin kirki da damina. A daren nan yarana biyu suka ɓace mana cikin turmutsitsi, wayoyi duk sun mutu, sai bayan kwana uku muka gan su.

Bana na ɗan kintsa. Takardun gida, na haihuwa da katin NIN suna ƙulle a leda cikin jaka ɗaya, da tocila, garin kwaki da maganin hawan jinin Hajiya. Yara sun haddace lambata.

Inda na maƙale shi ne Hajiyar kanta, mahaifiyar maigidana. Ƙafa ta ƙi, kuma ta ce ba inda za ta sai ta ga ruwa da idonta. Shi direba ne, yakan yi mako a hanya. Ga goyo a bayana, ni kaɗai ba zan iya ɗaukarta ba.

Don Allah masu tsofaffi a gida, yaya kuka tsara naku? Wurin haɗuwa fa, masallacin unguwa ya fi, ko gidan dangi da ke kan tudu?