Neman shawara: ƙugin janareta ya shiga hirar da na ɗauka, kuma baki da murya sun rabu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hira ta minti 50 da wani dattijo baduku a zauren gidansa, cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Hoton da waya ɗaya na ɗauka, muryar kuma da ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, wanda na jona a waya ta biyu. Da na zuba su a Premiere Pro, manhajar haɗa bidiyo, sai na tarar da ƙugi daga farko har ƙarshe, ga muryar a kunnen hagu kaɗai take fita. Na sa DeNoise, mai rage hayaniyar bayan murya, na kai shi 80, ƙugin ya ragu, amma Baba ya koma kamar yana magana a cikin randa. Abin da ya fi damuna, a farko baki da murya suna tafiya tare, amma zuwa ƙarshe tazarar ta kai wajen daƙiƙa 2. Maimaita hirar ba zai yiwu ba. Ta ina zan fara?

Amsa daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, cire DeNoise ɗin nan tukuna, kada ka taɓa tsaftace murya sai baki ya zauna daidai. In ka yanyanka hirar sannan ka dawo gyaran tazara, aikin zai zame maka biyu.

Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firam, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, iri ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan haske ya yi ƙasa, kamar yadda zaure yake, ko wayar ta yi zafi, sai adadin ya riƙa hawa da sauka. Shi ya sa tazarar ke taruwa kaɗan-kaɗan. Buɗe fayil ɗin hoton a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, za ka ga ko firam ɗin tsayayye ne ko mai canzawa. In mai canzawa ne, shigar da shi HandBrake, manhajar sauya fasalin bidiyo, kyauta ce, ka zaɓi firam 30 idan a kan 30 ka ɗauka, ka danna Constant Framerate, ka fitar da sabon fayil. Da shi za ka yi aiki.

Daga nan, a Premiere, ka zaɓi hoton da muryar tare, ka danna Synchronize, ka ce ya yi amfani da sauti. Sautin wayar hoto kada ka goge shi, kashe shi kawai za ka yi, shi ne ma'auninka. Je ƙarshen hirar ka duba wurin da Baba ya furta b ko m, inda leɓe ke haɗuwa. In har da sauran tazara, agogon wayoyin biyu ne bai zo ɗaya ba. Danna R, wato Rate Stretch mai miƙa sauti ko tsuke shi, ka ja ƙarshen muryar har ta hau daidai. Daƙiƙa 2 cikin daƙiƙa 3,000 bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, kunne ba zai ji muryar ta canza ba.

Na kunnen hagu kuma minti ɗaya ne: ɗora Fill Right with Left a kan muryar, zai kwafe sautin hagu zuwa dama. Tambaya ɗaya, wayar muryar tana caji lokacin ɗauka?

Mai tambaya:
Eh Yaya, tana jone, kuma janareta ne ke ba da wutar. Yana tsakar gida, bayan zauren.

Amsa daga Sabon Gari:
To ƙugi biyu ke gare ka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya biyo wayar caji, akwai ƙarar injin da ta biyo iska ta shiga makirfo. Na bar wa Malam na Samaru, fagensa ne.

Amsa daga Samaru:
Madalla. Ɗan'uwa, kuskuren shi ne an ɗora wa DeNoise kayan da ba nasa ba. Shi ba ya bambance ƙugi da ƙasan muryar namiji, don haka da ka kai shi 80 sai ya kwashe su tare. Jera gyaran kamar haka, kuma jerin yana da muhimmanci, domin kowanne yana karɓar abin da na samansa ya bari.

Fara da Highpass, mai yanke ƙasan sauti, a kan 80 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Duk abin da ke ƙasa da nan gurnani ne da motsin riga. Kada ka haura 100, muryar dattijo za ta sirance, nauyinta ya tafi.

Sai DeHummer, mai cire ƙugin wuta. Wutar Najeriya 50 Hz ce, 60 ta Amurka ce, to ka tabbata a kan 50 yake. Ƙugin wuta ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana da 'ya'ya a 100, 150, 200, haka har sama, saboda haka ka buɗe masa guda 4 zuwa 6. Amma janareta ba ya riƙe 50 cif, in kaya suka yi masa nauyi yana sauka. Ka riƙa matsar da lambar tsakanin 48 da 52 a hankali, kana saurare da hedifon, har ka ji inda ƙugin ya faɗi.

Yanzu ne lokacin DeNoise, kuma tsakanin 20 da 30 ya isa. Nemi wurin da Baba ya yi shiru sannan ya ci gaba, ka yi ta maimaita shi. Idan ƙarshen kalmomi ya fara rawa ko yankewa, ka wuce gona da iri, koma baya. Ɗan ƙugi mai tafiya bai ɗaya kunne yana mantawa da shi bayan minti ɗaya. Muryar da aka tauye kuwa, mai kallo zai ji ta har ƙarshe. Ni a ganina gara a bar janaretan can nesa-nesa da a ɓata muryar mutumin da saboda shi aka yi aikin.

Zaure mai rufin baka da daɓen siminti yana mayar da murya. Tunda makirfon na kusa da baki, DeReverb, mai rage amsa-kuwwa, 15 zuwa 20 zai wadatar. Sauran kumburin ka rage shi da Parametric Equalizer: sauke desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 a wajen 300 Hz, ka ɗaga desibel 2 a wajen 3,000 Hz don harufa su fito.

Amsa daga Tudun Wada:
Malam, ai da Enhance Speech, mai gyara murya da kansa, ya danna da ya huta da duk wannan. Yana nan cikin Essential Sound.

Amsa daga Samaru:
Ya gwada, amma kada ya sakar masa ragama. Wannan ba shara kawai yake yi ba, sake gina muryar yake, kuma inda ƙara ta rufe kalma yakan cike gurbin da abin da ba a faɗa ba. Ya ajiye shi ƙasa da rabi, ya saurari ƙ da ts da ɗ, irin su ƙirgi da tsinke. In sun laushe sun koma k da s, ya rage. Dattijo kuma yana iya kawo sunayen kayan dukanci da ba kowa ya sani ba, harafi ɗaya ya lalace kalmar ta tafi.

Amsa daga Kongo:
Bari in ƙara na ƙarfin murya. Dattawa sukan fara magana da ƙarfi su ƙare can ƙasa, musamman in ya sunkuya yana nuna fata. Wuraren da suka nutse sosai ka ɗaga su da hannu, sannan ka sa Single-band Compressor, mai daidaita hawa da saukar murya: 3 bisa 1, ya fara kamawa daga desibel -18. Mitar ƙarfin sauti ta riƙa wasa tsakanin -12 da -6. A ƙarshe Hard Limiter, mai hana sauti wuce iyaka, a kan -1, domin duk abin da ya taɓa 0 fashewa yake. In YouTube za ka ɗora, auna da Loudness Meter ka nufi wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa.

Duk inda ka yanke magana, danna Ctrl+Shift+D don ya narkar da ƙarshen yanki cikin farkon na gaba, ka gajarta haɗin zuwa firam 2 ko 3, shi ke hana ƙas ɗin nan. Kada ka bar gurbi babu sauti ko kaɗan, shirun zai fi ƙugin fitowa fili. Kwafo shirun zauren daga cikin hirar ka cike da shi. In za ka sa kiɗa a ƙasa, ya zauna desibel 18 zuwa 20 ƙasa da muryar.

Ka fitar da sautin a tsarin AAC, 48,000 Hz, 192 kbps zuwa sama. Kafin ka miƙa, tura wa kanka ka saurara ta lasifikar waya, don da ita yawancin mutane za su kalla, kuma ba ta fitar da ƙasan sauti kamar hedifon.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. MediaInfo ya nuna mai canzawa ne, HandBrake na kan aiki yanzu. Na gwada DeHummer a kan muryar, a 49 ƙugin ya faɗi.

Amsa daga Sabon Gari:
Amin. Duba ƙugin a wurare uku, farko da tsakiya da ƙarshe. In an kunna firij ko famfo ana cikin hirar, lambar za ta motsa, sai ka yanka muryar a nan ka ba kowane yanki tasa.