Baje koli ko nuni? Me zan rubuta a katin gayyata?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hotunan hannayen masu sana'a, hannaye kawai, ban da fuska. Yanzu wani galari, wato wurin da ake rataye ayyukan fasaha jama'a su gani, ya yarda ya ba ni bangonsa na kwana 21, ni kaɗai. Daga hotuna sama da 600 na rage zuwa 60, daga 60 na koma 24, kuma kowanne na cire sai na ji kamar haƙori aka cire mini. An wanke su, suna wurin mai firam. Saura katin gayyata da rubutun da za a manna a bakin ƙofa, kuma na ƙudurta da Hausa zan yi su. A nan na cije. Kalmomi huɗu suka tsaya mini: ekzibishin, galari, solo da kiyureta. Na rubuta "baje kolin hotuna", na karanta da ƙarfi, na goge. Ban san dalili ba, kunnena ne dai ya ƙi. Ku taimaka, saura mako bakwai.

Ɗan Koli: Wa alaikumus salam. Hajiya, me baje koli ya yi miki? Kalma ce da kowa ya sani, rediyo ma ita yake faɗa kullum. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, galari ba sayarwa yake yi ba? Wanda aka saya a liƙa masa jan ɗigo a gefe, mai wurin ya ɗauki kasonsa, a wurare da yawa ma rabi ne cif. In ana ciniki, to koli ne, ko da an rataye shi a bango an haska masa fitila.

Tsohon Mafassari: 'Yata, kunnenki bai yi miki ƙarya ba, bari in gaya miki abin da ya ji. Koli shi ne tarkacen ƙananan kaya, su allura, madubi, zare, kwalli. Bajewa kuwa shimfiɗawa ce, a zube komai a fili don mai saye ya tona ya zaɓa. Ɗan koli ba ya ɓoye rabin kayansa a gida, duk abin da yake da shi yana kan tabarma. Ke kuma kin gaya mana da bakinki kin bar fiye da 570 a akwati kin fito da 24. Kin riga kin yi zaɓin kafin mai kallo ya shigo, kin kuma yanke wanda zai fara gani da wanda zai bi baya. Wannan ba bajewa ba ce, akasinta ce ma.

A aikin fassara mun daɗe muna sa baje koli a kan taron kamfanoni, inda ake kawo motoci da injuna da yadi, kuma a can ta zauna daram. Laifinmu shi ne da muka ga ta karɓu sai muka riƙa yafa ta a kan komai, har kayan tarihin da ba na sayarwa ba. Ni nuni nake ba ki shawara. Nunin hotuna. Daga nuna, ba ƙari ba ragi.

Ɗan Koli: Baba, a gafarce ni, amma nuni ai yana da wata ma'ana. "Ya yi nuni da cewa", wato ya yi ishara. Kar mutane su zaci hannunka-mai-sanda ake musu.

Malamar Harshe: Ai ni wannan ma'ana ta biyun ce ta ƙara jan hankalina gare ta. Mai ɗaukar hoto me yake yi in ba nuni ba? Ya tsaya a gaban duniya mai faɗi, ya yanko kusurwa ɗaya ya ce ku dubi nan. Ishara ce da kyamara maimakon yatsa. Kalmar da ta ɗauki "fito da abu a gani" da "jawo hankali zuwa ga abu" a lokaci guda, ba rauni gare ta ba, riba ce. Kuma ruɗani ba zai shigo ba, domin "nuni da" daban, "nunin hotuna" daban. Abin da ya biyo baya shi ke raba su.

Akwai masu cewa nune-nune, na sha ji a labaran duniya. Ba kuskure ba ne, amma ninkin kalma a Hausa yawa da bambanci yake kawowa, kamar tafiye-tafiye ko gine-gine. Ya dace da babban bikin hotuna irin na Bamako da aka fara a 1994, inda ake nuni da yawa a wurare da yawa cikin gari guda. Naki guda ne, mai jigo guda. Nuni.

Mai Kyamara: Malama, na karɓi nuni, har na rubuta shi a takarda na ga ya zauna. To wurin fa? Na gwada gidan hoto, ƙanwata ta ce ai nan ake zuwa ɗaukar fasfo. Na gwada gidan kallo, ta fashe da dariya ta ce wace ƙungiya ke bugawa.

Ɗalibin Tarihi: Ƙanwar nan taki a ba ta lada. Anti, ga ɗan abin da zai iya taimakawa. Asalin galari a harsunan Turai suna ne na dogon ɗaki mai rufi, kamar baranda, da ake ratsawa daga wani sashe na fada zuwa wani. Masu mulki suka riƙa rataye zane-zanensu a irin waɗannan wurare saboda tsawon bango da hasken tagogi. Ginin Uffizi na birnin Filorens a Italiya, wanda aka fara a 1560, ofisoshin hukuma aka gina shi dominsu, sunansa ma ofisoshi yake nufi, daga baya dogayen barandojin bene suka cika da kayan fasaha. Haka doguwar galarin fadar Louvre a Faris, wadda aka buɗe wa jama'a a 1793. Wato su ma ba ƙirƙiro kalma suka yi ba, sunan wani sashe na gini suka ɗauka, aiki ya canza masa ma'ana.

Tsohon Mafassari: Madalla, yaro, ka sauƙaƙa mana. In haka ne mu ma mu ɗauki sashen gininmu. Zaure. Shi ne ɗakin da baƙo ke da iznin shiga ba tare da ya kutsa cikin gida ba, kuma kalmar ta riga ta yi tafiya, muna cewa zauren majalisa, zauren taro. Zauren nuni. Gidan tarihi a bar wa wanda ke ajiye kaya na dindindin; zauren nuni yau naki ne, wata mai zuwa an sauke an rataye na wani.

Mai Firam: Ni ba malamin harshe ba ne, amma zauren nuni ya yi mini, don in an ce in kai kaya can na san inda za ni. Hajiya, tunda ana magana, kar neman suna ya ɗauke miki hankali daga bango. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je ki auno zauren da kanki, kar ki dogara da abin da aka faɗa miki a waya, ki zana shi a kwali ki jera ƙananan kwafi ki ga wane hoto ke jituwa da wane. Tsakiyar hoto ake aunawa, ba samansa ba, santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Fitila ta sauko a karkace, kamar digiri 30, in ba haka ba mutum kansa zai gani a gilashi maimakon aikinki. Kuma kar hoton ya taɓa gilashin, amfanin farin kwalin nan da muke kewaye shi da shi ke nan, ba ado kaɗai ba ne. In danshi ya shiga, mannewa suke yi. Sannan ki duba wankin da hasken zauren, ba da na ɗakinki ba. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, takarda kuwa aro take yi, shi ya sa sau da yawa hoto kan fito da duhu fiye da yadda kika saba ganinsa.

Mai Kyamara: Allah ya saka da alheri, Malam. Na awon nan ban yi ba, gobe in sha Allahu. Saura solo, wato nunin aikin mutum ɗaya shi kaɗai. Na rubuta "nunin kaɗaici".

Malamar Harshe: A'a, ƙanwata, goge shi da sauri. Kaɗaici kewa ce. Za a zo da niyyar yi miki jaje.

Ɗan Koli: To a ce nuni na ƙashin kai mana, tunda nata ne na ƙashin kanta.

Malamar Harshe: Nunin ƙashin kai? Alhaji, sai likitoci su cika wurin suna neman ƙwarangwal.

Ɗan Koli: Na janye, na janye.

Ɗalibin Tarihi: Tilo fa? Kamar ɗa tilo. Nunin tilo, kishiyarsa nunin haɗaka. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne a wannan sana'a, ya cancanci suna. Tun 1839, shekarar da aka sanar da duniya fasahar hoto, wani mai ɗaukar hoto, Hippolyte Bayard, ya rataye hotunansa kusan 30 a Faris jama'a suka gani. Amma an daɗe kafin manyan gidajen fasaha su yarda mai kyamara ya isa a ba shi bango shi kaɗai kamar mai zane. Alfred Stieglitz sai da ya buɗe nasa zauren a Niyok a 1905, wanda aka fi sani da 291, lambar ginin. Gidan fasahar zamani na MoMA ya yi wa Walker Evans babban nuninsa a 1938. Seydou Keïta na Mali ya shekara da shekaru yana ɗaukar mutanen Bamako, sai a 1994 gidauniyar Cartier ta yi masa nasa shi kaɗai a Faris, ta yi wa Malick Sidibé a 1995. A nunin haɗaka hotonka ɗaya mai kyau ya isa ya fitar da kai kunya. A na tilo babu wanda za ka ɓuya a bayansa.

Tsohon Mafassari: Tilo na da daɗin faɗa, kuma gajeriya ce. Tsorona ɗaya: wanda bai saba ba zai iya ɗauka hoto tilo za a nuna, guda ɗaya jal. Amma ku lura da wani abu. Bature na buƙatar wannan kalma a katinsa, mu ba lalle ba ne. In kin rubuta "nunin hotunan wance", wannan ƙaramar "n" ta mallaka ta gama aikin. Babu Bahaushen da zai karanta ya tambaya ke da wa. Don haka shawarata kashi biyu ce: a katin gayyata, nunin hotunan wance. A tsakaninku 'yan sana'a, ko a takardar tarihin aikinki inda za ki jera abin da kika yi, nunin tilo da nunin haɗaka. In kun yi ta faɗa, kunne zai saba. Kwamfuta ma da farko baƙuwa ce.

Malamar Harshe: Na bi Baba a kan wannan. Kar mu riƙa ƙirga kalmomin Turanci muna neman wa kowacce abokiyar zama.

Mai Kyamara: Na ƙarshe, kiyureta. Akwai wadda ta zauna da ni kwana uku muna jera hotuna a ƙasa. Ita ta sa na cire wanda na fi so duka, wai yana da kyau amma ba ya magana da sauran. Na yi fushi, daga baya na ga gaskiyarta. Dole sunanta ya fito a katin, kuma ban san me zan kira ta ba.

Ɗalibin Tarihi: Tushen kalmar Latin ne, kuma kulawa yake nufi. Har sautin ya yi kama da namu: mai kula.

Mai Firam: In ka ce mai kula da zaure, ni wanda ke riƙe da makulli zan nema.

Ɗan Koli: Mai tacewa? Tunda ita ta tace.

Malamar Harshe: Tacewa ta riga ta tafi wajen masu hana fitar da abin da bai dace ba, za a zaci ta zo cire haramun ne. Kuma zaɓe rabin aikin ne kawai. Ku dubi abin da Edward Steichen ya yi lokacin da ya shirya wani babban nunin haɗaka a 1955: hotuna 503 na mutum 273 daga ƙasashe 68, amma har yau da sunansa ake tuna nunin, saboda shi ya yanke wanne zai yi girma, wanne zai ƙanƙance, wanne zai tsaya kusa da wanne, ta ina mai kallo zai shiga ta ina zai fita. Wannan tsari ne. Mai tsara nuni. Jam'i masu tsara nuni, ba wahala.

Mun Yi Faransanci: Ku yi haƙuri na makara. Mai tsara nuni ya yi, gara shi da namu, don mu a Faransanci kwamishina muke ce wa mai wannan aiki, ka ji kamar zai zo da 'yan sanda. Amma kun manta daren buɗewa. Mu vernissage muke cewa, daga man da ake shafa wa zane don ya yi sheƙi, domin a da ana barin masu zane su shiga kafin jama'a su yi shafar ƙarshe, abokai na zagayawa suna kallo. Hausa me za ta ce?

Tsohon Mafassari: Hoto ba a shafa masa mai, ɗana. Bikin buɗewa ya wadatar.

Malamar Harshe: Ni kallon farko ya fi mini, Baba. Biki na sa mutum ya zo da tsammanin kiɗa.

Tsohon Mafassari: Kallon farko kuma sai ka ce batun aure. Wannan ban sallama ba, Malama.

Mai Kyamara: To kafin ku sasanta, mai buga kati ya ce jibi yake so. Ga abin da zan kai masa, in akwai gyara a faɗa kafin la'asar ɗin gobe:

HANNAYE
Nunin hotunan (sunana)
Mai tsara nuni: (sunanta)
A zauren nuni na (sunan wurin), tsawon kwana 21
Za a buɗe ranar (kwanan wata) da ƙarfe 5 na yamma

Na kauce wa bikin da kallon duka, "za a buɗe" kawai na sa. Alhaji Ɗan Koli, takardar farashi tana kan tebur a bakin ƙofa, ba a bango ba. In ka zo ka tambaya, jan ɗigon ma na tanadi guda 24.

Ɗan Koli: Ashe dai da kolin a ciki. A ajiye mini kati biyu.