Muhawara: shin masu sauya jinsi ne suka fi kowa sanin gatan da namiji ke da shi?

Malama Zainab:
Salamu alaikum jama'a. Ga abin da nake so mu tattauna, na kuma san zai yi zafi. A ganina babu shaidar da ta kai ta masu sauya jinsi ƙarfi wajen nuna cewa ana fifita namiji a kan mace a wurin aiki. Mutum ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya, takardun karatu ɗaya, amma sai fuskar da ake yi masa ta canza.

Ku ɗauki Ben Barres, wanda ya kasance masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Stanford ta Amurka. An haife shi mace da suna Barbara, ya sauya a 1997. Ya ce lokacin yana ɗalibi a jami'ar MIT, kafin sauyin, ya warware wani lissafi mai wuya da ya gagari 'yan ajin, malamin ya ce ai saurayinki ne ya yi miki. Bayan sauyin kuma ya gabatar da lacca, aka jiyo wani masani yana cewa aikin Ben ya fi na 'yar'uwarsa kyau nesa ba kusa ba. Alhali ba wata 'yar'uwa ba ce, shi ne dai Barbaran. Ya rubuta wannan a mujallar Nature a 2006, yana mai da martani ga shugaban Jami'ar Harvard na lokacin, Larry Summers, wanda a 2005 ya ce wataƙila bambancin halitta na cikin dalilan ƙarancin mata a ƙololuwar kimiyya.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Malama. Da farko dai ni addinina bai yarda da sauya jinsi ba, ba zan ɓoye ba. Na biyu, labarin mutum ɗaya bai zama hujja ba. Tsakanin laccar Barbara da ta Ben an yi shekaru. Wa ya ce ba aikin ne ya ƙara nuna ba?

Malama Zainab:
Malam, ban tambayi halasci ko haramci ba, wannan zancen wata rana ne. Ko da ba ka yarda da abin da mutum ya yi ba, abin da idonsa ya gani ya gani. Shi Barres ɗin ya ce babban canjin da ya lura da shi, waɗanda ba su san tarihinsa ba sun fi girmama shi, har yakan kai ƙarshen jimla ba tare da wani namiji ya katse shi ba. Wace mace ce a nan ba ta san wannan katsewar ba? Kina tsakiyar bayani a taro, wani ya ɗaga murya ya karɓe zancen, bayan 'yan mintuna ya maimaita abin da kika faɗa, a gyaɗa masa kai a rubuta sunansa.

Dakta Maryam:
Zainab, ina tare da ke kan fifikon, amma na saba da ke kan cewa ita ce shaida mafi ƙarfi. A 2008 masu bincike Kristen Schilt da Matthew Wiswall sun duba albashin masu sauya jinsi a Amurka. Waɗanda suka koma mata albashinsu ya faɗi da kusan kashi 1 cikin 3, waɗanda suka koma maza kuma nasu ya ɗan ƙaru. Sai dai mutanen da aka tambaya ba su da yawa. Wani binciken da aka yi da bayanan gwamnatin Holan a 2018 ya sami kusan haka, amma ya nuna hukunci biyu ne ke haɗuwa: na zama mace, da na sauya jinsin kansa. Mai aiki na iya rage wa mutum daraja don yana ƙyamar sauyin, ba don ya ga mace ba. To ta yaya za ki raba su?

Ni na fi dogara da gwajin Jami'ar Yale na 2012. An tura wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya sak, wasu da suna John, wasu da suna Jennifer. John aka ce ya fi ƙwarewa, aka kuma yanka masa albashin kusan dala 30,000 a shekara, Jennifer kusan 26,500. Abin da ya fi ci min rai, malamai mata ma haka suka yi.

Yaya Hadiza:
Ni matsalata tana wani wurin. Wanda ya shekara 30 ko 40 ana saurarensa a matsayin namiji, ba a taɓa ce masa ya rage murya ba, bai taɓa lissafin wace hanya zai bi da dare ba, sai ya sauya. Zai ji zafin faɗuwar sosai, na yarda. Amma bai girma a ƙasan ba. Abin da marubuciya Chimamanda Adichie ta faɗa kenan a hirarta da tashar Channel 4 ta Ingila a 2017, cewa da wuya a daidaita rayuwar wanda ya ci gatan maza kafin ya sauya da ta wadda ta tashi mace tun farko. An yi mata ca, amma ni ban ga ƙarya a ciki ba.

Dakta Maryam:
Yaya, Laverne Cox, 'yar fim ta Amurka da ta sauya daga namiji zuwa mace, ta amsa wannan a lokacin. Ta ce ta taso yaro mai ɗabi'ar mata, kullum cikin tsangwama, ba ta ga wani gata da ta ci ba. Gatan namiji da sharaɗi yake zuwa. Yaron da bai yi tafiya da magana yadda ake so namiji ya yi ba, 'yan'uwansa maza ne ke fara hukunta shi.

Yaya Hadiza:
An tsangwame shi don ya yi kama da mace. Ai wannan ma hujjata ce, kama da mu ne laifin.

Malam Habu:
To tunda an kawo masu sauya jinsi shaida, a saurare su duka. Ita Schilt ɗin ta ji daga baƙaƙen fata da suka koma maza cewa 'yan sanda sun fara tare su, ana yi musu kallon abin tsoro. Da yaƙi ya ɓarke a Ukraine a 2022, an hana maza 'yan shekara 18 zuwa 60 barin ƙasar, har waɗanda suka koma mata amma takardunsu na nuna namiji an mayar da wasu daga kan iyaka. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna maza na kashe kansu fiye da ninki 2 na mata. Wannan gata ne?

Malama Zainab:
Nauyi ne, Malam, kuma ban raina shi ba. Namijin da aka hana shi kuka tun yana ƙarami, ya rasa wanda zai gaya wa damuwarsa, an cuce shi. Amma majalisar da ke yanke a tafi yaƙi, mata nawa ne a cikinta? A duniya baki ɗaya kujerun mata a majalisu ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Malam Habu:
Manya ne ke yankewa, Malama, talaka namiji ake turawa. Direban da aka tare a kan iyaka bai zauna a wannan majalisar ba.

Dakta Maryam:
Gaskiya ne bai zauna ba. To ku ajiye manyan, ku gwada direban da matarsa. A cikin su biyun, wa ake saurare in sun je ofis ɗaya da koke ɗaya? Malam, wannan nake so ka amsa min.