Fesa kwalta a ƙarƙashin ƙaramar remok: kariya ce ko cin kuɗi?

Ɗan Wadata: Salamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Duk wanda ya kai ƙaramar remok ɗinsa ta kwanan daji (tirelar nan da mota ke ja) garaji, sai a ce a fesa mata baƙar kwalta a ƙarƙashi wai maganin tsatsa. Don ƙasashe irin Kanada aka yi wannan feshin, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Mu da ke hamada ina ruwanmu? Cin kuɗi ne kawai.

Direban Boso: Wa alaikumus salam. Malam, wace hamadar? Yamai da ke bakin kogi, tana samun ruwa sama da milimita 500 daga Yuni zuwa Satumba? Hamada sai Tawa.

Ba'adare: Kai ƙanena, gyara bakinka. Tawa ce hamada? Ka taɓa ganin tafkin Tabalak? Ka taɓa ratsa kwarin Majiya a watan Agusta? Lakar Adar takan manne a kusurwar shasi ta yi mako ba ta bushe ba, nan tsatsa take farawa.

Direban Boso: Yaya, ruwanku bai cika kai 400 ba, kowa ya sani.

Ba'adare: Ku da ke da kanwa a Dallol fa? Ita ce ke cin ƙarfe, ba yawan ruwa ba.

Mai Walda: A nan Ba'adare ya yi gaskiya. Ƙasa mai kanwa ko gishiri, irin ta wajen Ingal, in ta jiƙa ta fi ruwan sama ɓarna. Amma kwalta ba ita ce magani ba. Zafin Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, sai ta yi laushi yashi ya manne. Daga baya ta bushe ta tsattsage, ruwa ya shiga tsagar ya kasa fita. Daga waje baƙi ƙirin kamar sabo, ka ɓamɓare ka tarar ƙarfen ya zama gari. Kuma shasi mai bututu daga ciki yake ci. A huda rami na milimita 8 zuwa 10 a wuri mafi ƙasa na kowane bututu don ruwa ya tsiyaye, nesa da walda da maƙalar sifirin, sannan a fesa mai ko kakin tsatsa a ciki.

Mai Fenti na Katako (kasuwar Yamai): Maigida, laifin mai aiki ne, ba na kaya ba. A kan datti da tsatsa suke fesawa. Aikin gaskiya: a wanke, a bari kwana biyu a rana, a kankare da burushin ƙarfe da takardar goge lamba 80 har ƙarfe ya yi haske, a share maiƙo, a shafa jan fentin tsatsa sau biyu, kowane ya bushe, sai fentin sama. A rufe birki da wayoyi da ramukan ruwa kafin feshi. In shasin galbanize ne kuwa, wato mai rufin tutiya, a ƙyale shi.

Direban Boso: Duk wahala. Baƙin mai na bidanji, wanda aka juye daga inji, a shafa kafin damina, shi ke nan.

Mai Walda: Baƙin mai yana kumbura robobin sifirin, yana tara yashi, in ya kai birki kuma sai addu'a. Wa ya koya maka wannan?

Direban Boso: Manyan direbobi da suka yi hanyar Agadas kafin a haife ka.

Ba'adare: To ga hamadar can, Agadas. Ku bar Tawa ta huta.

Kafinta: Ba wanda ya taɓo zancen katakon daɓen remok. Ruɓarsa daga sama take zuwa: yoyon rufi, bakin ƙofa, tulun ruwa da ya zube. In ka toshe ƙarƙashi da kwalta, danshin ba shi da mafita, katako ya kumbura ya rabu falle-falle. Gefunan da aka yanka da ramukan ƙusoshi su za a toshe, nan yake shan ruwa. Kuma kada a ajiye remok ɗin watanni katako ko ƙafar jingina na taɓa ƙasa, gara ba ta jiran damina.

Ɗan Wadata: Ni dai tambayata, cin kuɗi ne ko a'a?

Ba'adare: Ka fara janye kalmar hamada tukuna.

Direban Boso: Ai da Yamai yake, ba da ku ba. Kai ka tsoma kanka.

Mai Fenti na Katako: Jama'a, bari in taƙaita tunda dare ya yi. An amince ba hamada muke ba, don haka tsatsa na nan. An amince baƙin mai shirme ne. An kuma amince ƙarƙashin remok na buƙatar shafi, in dai an sayi kaya masu kyau an ba wanda ya iya.

Mai Walda: Wa ya amince? Ni rami na ce a huda.